A Sauka a Wuyan Doki

Yanbu, Saudiyya
22 ga Yuli, 1990

Ading Dalmas, ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka a raye. Ban taɓa buɗe wasiƙa da irin wannan fata ba, amma yau ba ni da wani.

Ranar Talata na dawo daga kai ruwa da tanka, na tarar 'yan ɗakinmu sun yi cirko-cirko a kan rediyo. Wai girgizar ƙasa ta rushe manyan gine-gine a Baguio, can ƙasarmu, hanyar duwatsu kuma ta zube a wurare da yawa. An ambaci garuruwa iri-iri, ba wanda ya ambaci Kilongan. Ban yi mamaki ba, ko muna lafiya ba a ambatonmu.

Ka rubuto mini ranar da wannan ta iso, ko layi biyu ne. Ina son jin labarin matarka Lita da yaran, da gidan, da gonar kan tudu. Ina son jin labarin motarmu Tsohuwa, in ba dutse ya danne ta ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na miƙa maka makullinta na bar garin, amma har yanzu in na ji ƙarar jif a nan sai na waiwaya.

Ka gaida Ama, mahaifinmu, idan yana karɓar gaisuwa daga gare ni.

Yayanka,
Ambo


Kilongan
19 ga Agusta, 1990

Manong Ambo,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina sanar da kai cewa muna nan daram, ba wanda ya mutu a garinmu. Bangon coci ya tsage, turken aladen Lakay Domogen ya rufta, aladen suka bazu cikin gari, tsohon na bin su da zani a hannu. Wannan ne kaɗai abin dariyar da muka samu. Lita da yara lafiya. Ama lafiya, sai gwiwoyin da ka sani, sun ƙara lalacewa. Na isar da gaisuwarka, ya gyaɗa kai.

Amma sabuwar hanya ta tafi, Manong. Ba toshewa ta yi ba, babu ita ne gaba ɗaya. Gefen dutsen ya sauka cikin kogi da ita. Injiniyoyi sun zo da ƙafa, suka duba, suka ce sai shekara ko fiye. Kabeji na ruɓewa a gona, wari ya ishe mu. Gishiri da kananzir sai a goyo su a baya, tafiyar yini biyu. Wannan wasiƙar ma a cikin kwandon wani za ta sauka.

Dattawa sun zauna a dandalinsu, sun yanke cewa a buɗe tsohuwar hanya, wadda Sifaniyawa suka sa kakanninmu suka fasa don dawakai. Tun da aka yi sabuwa ba taya da ta sake taka ta, ciyawa ta fi ni tsawo. Mun fara aikin gayya, kowane gida mutum ɗaya, kowace rana ban da Lahadi. In ruwa ya bar mu, za mu gama kafin ƙarshen Nuwamba.

To ga inda maganar take. Duk motocin garin suna can ƙasan dutse ranar girgizar, Tsohuwa ce kaɗai ta kwana a wannan gefen. Ke nan ni zan tuƙa. Ni kuwa a sabuwar hanya na koyi tuƙi, tsohuwar a saman buhu kawai na taɓa bin ta ina ƙarami. Direbobinta na da duk sun mutu, sai kai.

Ban so in tayar maka da zancen wannan hanya ba, na san abin da ta yi maka. Amma ka rubuto mini ita, kwana bayan kwana, yadda za ka bayyana wa makaho.

Ka rage cin rago, Lita ta ce hoton da ka aiko bara tumbi ya fara leƙowa.

Ƙaninka,
Dalmas


Yanbu
9 ga Satumba, 1990

Ading,

Ina gaishe ka, ina gode wa Allah da kuke raye. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Wato garin da ya daina shiga motata yanzu yana neman abin da ke kaina. Ba komai. Kai ka tambaya, kai zan ba. A nan hanya miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare, awa huɗu ba kwana ɗaya, barci ne kaɗai ke kashe direba. Duk abin da na sani ba shi da amfani a ƙasar nan, gara ya koma inda ya fito.

Kafin komai, ka shiga ƙarƙashin Tsohuwa ka duba birki da sifirin da idonka, kada ka yarda da "na duba" na kowa. Ka rage wa tayoyi iska kaɗan, dutsen hanyar nan santsi gare shi. Daga bayan coci ka sa giyar da ke jan tayoyi huɗu, kada ka cire ta sai ka ga gadar ƙarfe a ƙasa. A gangara injin ne zai riƙe ka, ba birki ba. Wanda ya dogara da birki a hanyar nan zai ji ƙaurinsa kafin rabin tafiya, daga nan kuma sai addu'a.

Inda ruwa ya ci tsakiyar hanya, kada ka sa taya a rami, ka hau kan kafaɗun biyu ka bar ramin ya wuce ƙarƙashinka. Tsohuwa doguwar ƙafa gare ta, don haka aka yi ta. A rafin farko ka shiga ta sama, inda ruwan ke fari yana kumfa, nan ne tsakuwa. Inda ya kwanta luf yana kama da ba zurfi, laka ce. A rafi na biyu akasin haka ne, kada ka tambaye ni dalili. In gajimare ya sauko kan hanya har ba ka ganin hancin mota, ka tsaya ka sha taba. Zai wuce.

Duk wannan za ka iya mantawa ka rayu. Abu ɗaya ne ba za ka manta ba.

Wuyan Doki. Kwana ta goma sha bakwai in ka ƙirga daga coci. An yi ta ne don doki, mota ba ta juyawa a nan da hannu ɗaya. Za ka kai hanci har ya kusa taɓa dutse, ka yi ribas, ka sake gaba, ka sake ribas. A ribas ɗin nan bayan mota rami yake fuskanta, kuma bakin ba dutse ba ne, ƙasa ce da aka jera wa duwatsu da hannu tun zamanin da ba wanda ya san nauyin mota. Tana ɗaukar jif. Ba ta ɗaukar jif da mutum ashirin da kaya a sama.

Saboda haka kafin kwanar, a wurin da hanya ta ɗan yi faɗi, ka tsaya. Kowa ya sauka. A sauke kayan saman mota a ɗauka a kai. Mutum ɗaya mai natsuwa ya tsaya a baya da dutse a hannu don tare taya. Da na ce kowa, ina nufin kowa: mai ciki, mai furfura, Fadan coci, shugaban gari. Lakay Tomas da ya koya mini tuƙi ya yi shekara ashirin a hanyar, bai taɓa juya Wuyan Doki da rai ɗaya a motarsa ba sai nasa. Ni na yi sau ɗaya. Ka san sauran.

Maganar rago kuwa, ka gaya wa Lita shinkafa ce da kifin gwangwani. Tumbin na zama ne.

Ka gaida gida.

Ambo


Kilongan
1 ga Oktoba, 1990

Manong,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta zo, na kwafe ta a bayan kalanda na manna a cikin mota. Aiki na tafiya, mun wuce rafin farko. Ruwan kumfar nan gaskiyarka ne, na gwada da sanda.

Amma Manong, ka daɗe cikin Larabawa, ka manta mutanenka. Tafiyar farko ta buɗe hanya ce, dattawa ne za su cika motar, Ama a gaba. Ni Dalmas, da har yanzu suke aika ni in ɗebo musu wuta, in buɗe baki in ce wa Lakay Domogen ya sauko ya taka? Ama da sai an riƙe shi yake hawa matakalar gida? Da na ɗan taɓa zancen a wurin aiki, dariya aka yi. Wani ya ce, "Yayanka ya aiko maka da tsoro ta gidan waya?"

Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kowa a nan ya san ba nauyi ne ya jawo abin da ya faru ba. An sha juya kwanar nan da mutane, in ji su. Ranar nan jan tsuntsu ya gitta gabanka a bakin gari, alamar a koma, kai kuma ba ka tsaya ba. Ba na zarginka, kana matashi a lokacin, ga sauri. Amma ni zan kiyaye. In tsuntsu ya gitta, ko wani ya yi atishawa muna shirin tashi, wallahi ko injin ba zan tayar ba.

Ranar da muka fara aiki an yanka kaza, Ama da kansa ya duba matsarmamarta. Ta cika fam, ta leƙo daga cikin hanta yadda ake so. Ya ce kakanni sun yarda da hanyar. Za a sake yanka wata da safen tafiya. In ita ma ta yi kyau, me ya rage?

Na je na ga bakin Wuyan Doki da idona. Duwatsun na nan a jere, har gansakuka ta kama su. Girgizar ma ba ta motsa su ba.

Ka kwantar da hankalinka. Mu nan labarin yaƙin da ake cewa za a yi kusa da ku ne ya dame mu.

Naka,
Dalmas


Yanbu
20 ga Oktoba, 1990

Ading,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai kafin ka ci gaba, kada Lita ta karanta ta bayan kafaɗarka.

Na yi niyyar in mutu da wannan maganar a cikina. Wasiƙarka ta hana ni.

Kana makaranta a Bontoc lokacin, abin da aka gaya maka kawai ka sani. Ranar nan biki za mu a ƙauyen ƙasa. Mutum ashirin da biyu, alade ɗaya a ɗaure, tulunan giyar shinkafa huɗu a sama. An kwana ana ruwa, da safe ana yayyafi. Ama ya yanka kaza a ƙofar gida, matsarmama ta yi kyau, irin kyan da kake ba ni labari. A gaba ni ne, da Ama, da marigayi Lakay Pekas.

Da muka kai wurin faɗin na tsaya na ja birki, kamar kullum. Na ce, "A sauka."

Ama bai ko dube ni ba. Ya ce, "Tafi."

Na ce, "Ama, ƙasar ta sha ruwa."

Ya ce, a hankali, don kada na baya su ji, "Ni na duba kazar nan da hannuna, a gaban mutane. In ka sauke su, ka ce musu ban iya duba ba, ko kakanni ƙarya suka yi. Wanne kake so ka faɗa?"

Lakay Pekas ya yi dariya ya ce, "Yaran yanzu, takardar tuƙi ta fi musu ubansu."

Daga sama wani ya buga rufin mota yana cewa, "Direba, kayan bikinmu za su jiƙe!"

Na tafi. Ribas na farko lafiya. A na biyu na ji bayan mota ya nutse ta dama, a hankali, kamar mutum ya zauna a kujera mai taushi. Motar ta karkata ta jingina da bishiya, shi ya sa ba mu tafi duka ba. Na saman suka zube. Yawancinsu ciyawa ta tare su. Konsing, matar Baldo, tana riƙe da tulu don kada ya fashe, ba ta da hannun kama komai. Sai da yamma aka hau da ita.

Bayan kwana uku aka kira ni dandalin dattawa. Tambayarsu ɗaya ce: kaza ta yi kyau, to ina aka kuskure? Ba wanda ya tambayi nauyi, ba wanda ya tambayi ruwa. Sai wani ya ce kamar ya ga jan tsuntsu a bakin gari. Wani ya ce shi ma. Kafin a jima rabin garin sun gan shi. Na dubi Ama. Yana cusa taba a lofe, yana dannawa da babban yatsa, ya daɗe yana dannawa. Na jira. Bai ɗago ba. Ni ma na yi shiru, aka ci ni tarar alade, aka tashi.

Ban ga tsuntsu ba, Dalmas. Wataƙila ya gitta, tsuntsaye na gittawa kullum. Ban gan shi ba.

Bayan haka ba wanda ya zage ni. Sai dai in na tsaya a bakin coci da safe, mutane su wuce da kayansu a kai su ce yau suna son motsa jiki. Wata biyar ina sauka da mota ba kowa sai buhuna. Baldo in ya hango ni sai ya canza hanya. Wannan ya fi mini ciwo, don tare aka yi mana baftisma.

Ba na rubuta wannan don ka ƙi Ama. Ya gaskata abin da ya gani a cikin kazar, har yau yana gaskatawa, kuma bai yi nufin kowa da sharri ba. Sitiyarin a hannuna yake. Makulli na nan kusa da gwiwata, murɗawa ɗaya ne. Na fi jin tsoron fuskar ubana a kan ramin da ke bayana, wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa. Abin da ban yafe ba shi ne lofen nan. Na gwada, ban iya ba.

Ka yanka kazarka, ka saurari tsuntsunka, ban hana ka ba. Matsarmama za ta yi kyau, kusan kullum tana yi. Ama zai zauna inda ya zauna, zai faɗa maka abin da ya faɗa mini, da wannan muryar. Duwatsun da ka gani da gansakuka, ranar nan ma haka suke.

Ban san yadda za ka yi ba. Ni ban iya ba. Amma kana da 'ya'ya uku, Konsing ma uku ta bari.

Yayanka,
Ambo


Kilongan
2 ga Disamba, 1990

Manong Ambo,

Ina gaishe ka da girmamawa. Mun sauka, mun dawo, kowa lafiya. Na fara da wannan don kada ka tsallake layi.

Wasiƙarka ta yi mako uku a aljihuna. Na kasa kallon Ama a wurin cin abinci, har Lita ta zaci faɗa muka yi.

Ranar Alhamis muka tashi. Kaza ta yi kyau. Dattawa tara a ciki, matasa bakwai a sama kan buhunan kabeji, Ama a gaba. Rafukan biyu kamar kana zaune kusa da ni. Na ƙirga kwana goma sha shida, na ga wurin faɗin, na tsaya.

Na ce, "A sauka."

Lakay Domogen ya leƙo daga baya ya ce, "Fitsari kake ji, ɗan nan? Je ka, muna jira."

Aka kwashe da dariya. Ama ya ce, "Tafi."

Manong, da muryar da ka faɗa. Har hannuna ya kai kan giya. Sai na kashe mota, na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na ce masa yadda ba wanda zai ji, "Ama, Manong ya rubuto mini. Duka."

Yana kallon gilashi, ni ina kallon hannunsa a kan sanda. Na baya suka fara gunaguni. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar an yi shuka an girbe. Sai ya buɗe ƙofa. Na zagaya in riƙe shi, ya ture hannuna. Ya sauka da gwiwoyin nan, ya juya ya ce da ƙarfi, "Ƙafata ta sage. Zan taka kaɗan."

To wa zai zauna a mota babban dattijo na tafiya a ƙasa? Ɗaya bayan ɗaya suka sauko, Lakay Domogen na mita wai an mai da su awaki. Matasa suka ɗauki buhunan sama suka bi su, duk suka sha kwana suka ɓace. Na ce ina son mutum ɗaya a baya da dutse. Baldo ne ya tsaya. Ban kira shi ba.

Ribas na farko lafiya. A na biyu na ji abin da ka ce, bayan ya ɗan zauna ta dama. Baldo ya yi ihu, na danna gaba, tayoyin gaba suka kama, ta fito. Na sauko na duba. Duwatsu huɗu na bakin sun tafi, ba mu ma ji saukarsu ba. Sawun taya na nan, tazarar tafin hannu daga inda ƙasa ta ƙare.

Baldo ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Da ba kowa a ciki ke nan." Ya jefar da dutsen hannunsa. Jiya ya zo shi kaɗai da safe ya sake jera bakin.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa barci. Da muka dawo aka yanka alade a dandali. Lakay Domogen ya miƙe da ƙoƙon giya ya ce, "Kun gani? Hanya ɗaya, mota ɗaya, uba ɗaya. Wannan ya saurari alamu, ya wuce lafiya. Wancan ya raina tsuntsu." Kowa ya ce haka ne. Aka juya ga Ama don ya sa baki. Ya ce, "Matsarmama ba ta ƙarya." Shi ke nan abin da ya ce.

Wato shawararka ta cece mu, kuma ita ce ta zama shaida a kanka. Ba zan iya haɗiye wannan ba. Ran Lahadi ta biyu bayan Kirsimeti akwai zaman dattawa. Ina so in tashi in karanta wasiƙarka a gabansu, tun daga gaisuwa har sa hannu. Ina jin Baldo zai tsaya tare da ni in na roƙe shi. Sunanka zai wanku, ka dawo gida, mu raba tuƙin, ni Litinin kai Alhamis. Tafiya biyu na ƙara yi tun ranar, Ama na bina kowace, kuma kowane zuwa ƙafarsa na sagewa a wuri ɗaya, mutane na bin sa ƙasa. Amma wannan ba ya isa a ce an biya ka.

Wasiƙar taka ce, ba zan karanta musu ita ba sai ka ce to. Ka ce to, Manong.

Ƙaninka mai biyayya,
Dalmas


Yanbu
18 ga Disamba, 1990

Ading,

Ina gaishe ka. Ka yi abin da ban iya ba, na gode.

Kada ka karanta. Ka ƙona ta.

Ba don kai suke sauka ba, ba kuma don ni ba. Don Ama ya sauka ne. Ranar da ka tsiraita shi a dandali, ya daina zama dattijon da ake bi a ƙasa, ya zama tsohon da ya ɓoye bayan ɗansa. Zai zauna a gida, Lakay Domogen ya karɓi kujerar gaba, shi kuma ƙafarsa lafiya lau take. Ana buƙatar hanyar nan shekara guda aƙalla. Ka riƙa ɗaukar Ama kowace tafiya, ko ba shi da abin yi a ƙasa. In ya yi ta sauka har rani, za su manta dalili, su ce haka aka saba yi tun kakanni. Daga nan ba wanda zai iya hana su sauka, ko kai.

Kada ka zaci na huce. Na karanta "Matsarmama ba ta ƙarya" na fita na zauna a cikin tanka har aka zo nemana. Su riƙe tsuntsunsu, na riga na saba da shi.

Na sa hannu a kan wasu shekaru biyu na aiki a nan. Akwai man shafawa na gwiwa a cikin ƙunshin da wani ɗan garin Besao zai kawo, ka ba Ama, ba sai ka ce daga ina ba. Gangaren nan daga wurin faɗin zuwa bayan kwana ya fi taku ɗari biyu, kuma duk tsakuwa ne.

Ka gaida Lita da yara. Ka gaida Baldo, in ya amsa ka gaya mini.

Yayanka,
Ambo